Tambaya da Amsa: Wane Ya Haifi Wane, da Alkawarin da Ya Bi Ta Cikinsu

Wasiƙu huɗu na ɗauko a wannan fitowa. Waɗanda suka rubuto su ba su san juna ba, amma da na jera su a kan tebur sai na ga duk gida ɗaya suke kewayawa: zuriya, da abin da Allah ya alkawarta mata. Na taƙaita tambayoyin, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Baba, ina gaisuwa. Na ƙudura a raina zan karanta Sabon Alkawari daga farko har ƙarshe a bana. Ina buɗe Matiyu sura 1 sai na tarar da sunaye jere, wane ya haifi wane, har aya 17. Gaskiya tsallakewa na yi, amma hankalina bai kwanta ba. Mece ce fa'idarsu? Daga 'yarka, ɗaliba.

AMSA: 'Yata, Allah ya yi miki albarka saboda wannan niyya. Ba ki yi zunubi ba, amma ina roƙonki ki koma. Ni ma na daɗe ina wuce wurin nan da sauri, har lokacin da aka ba ni ajin manya in koyar da littafin Farawa. Na zauna da takarda da fensir ina zana sunayen ɗaya bayan ɗaya, ina jan layi daga uba zuwa ɗa. Kafin in gama, takardar ta nuna mini abin da shekarun karatu ba su nuna mini ba.

Dubi ayar farko. Matiyu ya kira Yesu ɗan Dawuda, ɗan Ibrahim. Sunaye biyu ya ɗaga sama da sauran, domin mutanen nan biyu ne Allah ya yi musu alkawari a kan zuriyarsu. To, alkawarin da aka ɗora a kan zuriya, ta yaya za a san an cika shi in ba a bi zuriyar an ƙidaya ba? Amfanin sunayen ke nan. Shaidu ne, kowanne yana cewa: a zamanina ma igiyar ba ta tsinke ba.

Ibrahim yana da shekara 75 sa'ad da Allah ya kira shi a Farawa 12, ya ce zai mai da shi al'umma mai girma, ta wurinsa kuma dukan kabilan duniya za su sami albarka. Ba shi da ɗa ko ɗaya a lokacin. Shekaru suka yi ta wucewa. A sura 15 tsohon ya faɗi abin da ke cin ransa: ga shi zai tafi ba magaji, Eliyezer mutumin Dimashƙu, baran gidansa, shi zai gaje shi. Allah ya fito da shi waje ya nuna masa taurari. Sa'an nan ya sa ya kawo karsana da akuya da rago, kowanne bana uku, da kurciya da ɗan tattabara. Aka tsaga dabbobin biyu biyu, aka jera gefe da gefe. A wancan zamani mai ɗaukar alkawari yakan ratsa ta tsakanin naman, kamar yana cewa in na saɓa, a yi mini haka. Irmiya 34 ya ambaci wannan al'ada. Amma a daren nan barci mai nauyi ya kwashe Ibrahim. Tanderu mai hayaƙi da harshen wuta ne suka ratsa, su kaɗai. Wato Allah ya ɗauki nauyin rantsuwar a kansa. Ki riƙe wannan da kyau, 'yata, domin shi ne ya sa layin bai mutu ba duk da irin mutanen da ke cikinsa.

Shekara 25 aka jira. Ishaku ya zo Ibrahim na da shekara 100, Saratu na da 90. Ishaku ya auri Rifkatu yana da shekara 40, ita ma sai da ta yi shekara 20 ba haihuwa. Rahila ma ta sha wannan kuka. Iyaye mata uku a jere, a gidan da aka ce zuriyarsa za ta yi yawa kamar yashin teku!

Abu na biyu da takardata ta nuna mini shi ne yadda layin ke karkacewa. Bisa doka ɗan fari ke da rabo biyu na gādo, haka Maimaitawar Shari'a 21 ta ce. Amma alkawarin bai bi wannan hanya ba. Ya bar Isuwa ya bi Yakubu. A cikin 'ya'yan Yakubu 12 ya wuce Ra'ubainu da Saminu da Lawi ya sauka a kan Yahuza, na huɗu, wanda mahaifinsa ya ce sandan sarauta ba zai rabu da shi ba. Da Sama'ila ya je Baitalami gidan Yesse, 'ya'ya bakwai suka wuce ta gabansa, sai da aka aika a kira autan daga wajen kiwo. Ba wanda zai bugi ƙirji ya ce jininsa ne ya ci masa.

Autan nan shi ne Dawuda. A 2 Sama'ila 7 ya so ya gina wa Allah gida. Allah ya aiko annabi Natan ya ce masa: a'a, ni ne zan gina maka gida. A Ibrananci kalma ɗaya ce take nufin ginin da kuma iyalin, kamar dai yadda muke cewa gidan wane muna nufin mutanensa, don haka mai karatun Hausa yana jin daɗin wannan magana ba tare da an yi masa dogon bayani ba. Aka ce gadon sarautarsa zai tabbata har abada. In ɗansa ya yi laifi za a hore shi da sanda, amma ba za a janye ƙauna daga gare shi ba.

Sau biyu wannan gida ya kai bakin kabari. Na farko a 2 Sarakuna 11, lokacin da Ataliya, uwar sarkin da ya mutu, ta tashi ta karkashe 'ya'yan sarauta. Jariri ɗaya ya rage, Yowash. Gwaggonsa Yehosheba ta sace shi ta ɓoye, ya yi shekara 6 a Haikali ba wanda ya sani, aka naɗa shi yana ɗan shekara 7. Duk alkawarin da aka yi wa Dawuda yana kwance a ɗaki ɗaya tare da mai reno.

Na biyu ya fi muni. A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar ya kwashe sarki Yekoniya zuwa Babila bayan ya yi wata 3 kacal a kan mulki. Irmiya 22 ya faɗi magana mai ɗaci a kansa: ko da shi zoben hatimi ne a hannun dama na Allah, za a tuɓe shi, kuma ba wani daga zuriyarsa da zai zauna a gadon Dawuda yana mulkin Yahuza. Bayan kamar shekara goma aka ƙone Urushalima da Haikalin. Karanta ƙarshen Zabura 89 ki ji yadda mai waƙar yake tambayar Allah ina ƙaunarsa ta dā wadda ya rantse wa Dawuda. Amma Yekoniya bai mutu a kurkuku ba. Littafin Sarakuna ya rufe da labarin sakinsa a shekara ta 37 ta zaman talalarsa. Masu tonon kufai sun samo allunan yumɓu a Babila masu ɗauke da lissafin man da ake ba shi da 'ya'yansa 5. An wallafa su a 1939, suna ajiye a Berlin. A shekara ta 520 kuwa annabi Haggai ya gaya wa Zarubabel, jikan Yekoniya, cewa Allah zai mai da shi kamar zoben hatimi. Zoben da aka tuɓe daga kaka, an maido wa jika. Zarubabel gwamna ya yi, bai yi sarki ba, daga bayansa kuma sunayen da Matiyu ya jera ba mu san komai a kansu ba sai sunan. Shekara wajen 500 gidan sarauta yana tafiya a ɓoye cikin talakawa, har ya iso kan wani masassaƙi mai suna Yusufu.

Kada ki wuce matan. Ba a saba sa mata a irin wannan lissafi ba, amma Matiyu ya sa huɗu kafin Maryamu, bai kuwa zaɓi Saratu ko Rifkatu ba. Ya sa Tamar, wadda surukinta Yahuza ya hana ta haƙƙinta, har ya zo ya amsa da bakinsa cewa ta fi shi gaskiya. Ya sa Rahab ta Yariko, Bakan'aniya, karuwa. Ya sa Rut mutuniyar Mowab, alhali Shari'a ta hana Mowabawa shiga taron jama'ar Ubangiji har tsara ta goma, ga ta kuwa ita ce kakar mahaifin Dawuda. Ta huɗun bai ma kira sunanta ba, ya ce matar Uriya, don kada a manta da mutumin da Dawuda ya sa aka kashe. In mutum ne yake rubuta asalin gidansu don a yabe shi, waɗannan ne zai fara gogewa.

Yanzu koma ki karanta ayoyin nan 17 da ƙarfi, a hankali, ki tsaya a kan kowane sunan da kika gane.

TAMBAYA: Malam, Matiyu ya ce mahaifin Yusufu mijin Maryamu Yakubu ne, Luka 3 ya ce Heli. Wanne ne daidai? Daga wani malamin makaranta.

AMSA: Ɗan'uwa, ka lura da kyau, kuma bambancin ya wuce nan. Daga Dawuda, Matiyu ya bi ta Sulemanu da sarakuna, Luka ya bi ta Natan, wani ɗan Dawuda da bai yi sarauta ba. Masu bi na farko sun san da wannan. Tun a ƙarni na 3 wani marubuci Kirista, Yuliyus Afirkanus, ya yi bayani cewa Yakubu da Heli 'yan'uwa ne ta wajen uwa. Heli ya rasu ba ɗa, Yakubu ya auri matarsa bisa dokar Maimaitawar Shari'a 25, wadda ta ce mutum ya auri matar ɗan'uwansa da ya rasu ba ɗa don ya tayar masa da zuriya, don haka Yusufu ɗan Yakubu ne ta jini, ɗan Heli ta doka. Wasu daga baya suka ce Luka asalin Maryamu ya kawo. Wasu kuma suka ce Matiyu jerin magadan sarauta ya bi, Luka ya bi haihuwa. Ni na fi karkata ga na ƙarshen, amma ba na tilasta wa kowa.

Ka sani kuma Matiyu tsara lissafinsa ya yi da gangan, kashi uku, tsara 14 kowanne. Don ya sami haka ya tsallake sarakuna uku a jere, Ahaziya da Yowash da Amaziya, abin da kowane Bayahude mai karatu zai gani nan take, domin a wurinsu jika da tattaɓa kunne duk 'ya'ya ne. Haruffan sunan Dawuda a Ibrananci kuwa, in aka haɗa lambobinsu, 4 da 6 da 4, 14 suke bayarwa. Luka shi ma da nasa nufin: bai tsaya a kan Ibrahim ba, ya zarce har Adamu, don wanda ba Bayahude ba ya ga shi ma danginsa ne.

TAMBAYA: Malam, ni Musulmi ne, ina karanta shafinka. Isma'ilu ne ɗan farin Annabi Ibrahim. Shin littafinku ya yar da shi ne?

AMSA: Malam, na gode da ka rubuto, Allah ya saka da alheri. Bai yar da shi ba. A Farawa 16 mala'ikan Ubangiji ne ya raɗa masa suna tun yana ciki, ma'anarsa Allah ya ji. A sura 17 Ibrahim ya yi roƙo dominsa, Allah ya amsa cewa ya sa masa albarka, zai haifi hakimai 12, zai zama al'umma mai girma. Rana ɗaya aka yi musu kaciya shi da mahaifinsa, yana da shekara 13. Sura 21 ta ce Allah yana tare da yaron a jeji. Sura 25 ta jera sunayen 'ya'yansa 12, daga Nebayot da Kedar, ta kuma ce shi da Ishaku tare suka binne mahaifinsu a kogon Makfela. Ina son ayar nan ƙwarai.

Ba zan ɓoye maka sauran ba. Wannan sura ta 17 ɗin ta ce alkawarin da zai bi ta zuriya har ya kai ga Almasihu, kamar yadda mu Kirista muka fahimta, da Ishaku za a kafa shi. A nan fahimtarmu da taku ta rabu, kuma girmamawa ce in faɗa maka a fili. Abin da zan ƙara shi ne, manufar zaɓen tun daga Farawa 12 ita ce albarka ta kai ga dukan kabilai. Kirista da ya ɗauki ayoyin nan ya mai da su dalilin raina zuriyar Isma'ilu bai karanta su da kyau ba.

TAMBAYA: Baba, mahaifina ya yi mugayen abubuwa a rayuwarsa, kakana ma haka aka ce. Yanzu sana'ata ba ta tafiya, ɗana na fari kuma ba shi da lafiya. Wani ya buɗe mini Fitowa 20:5 ya ce la'anar gidanmu ce take bina har tsara ta uku da ta huɗu. Ba na iya barci. Daga ɗanka cikin Ubangiji.

AMSA: Ɗana, wasiƙarka ta taɓa ni, na karanta ta sau uku. Wanda ya buɗe maka ayar nan rabinta ya nuna maka. Buɗe da kanka. Tana maganar tsara ta uku da ta huɗu ta waɗanda suke ƙin Allah. Aya ta 6 kuma, wadda take manne da ita, tana maganar ƙauna ga dubbai na masu ƙaunarsa, Maimaitawar Shari'a 7:9 ta fayyace ta ce har tsara dubu. Ka ɗora huɗu a gefe ɗaya, dubu a ɗaya gefen. Tsara uku ko huɗu kuwa su ne adadin da kan rayu tare a gida ɗaya a wancan zamani: kaka da ɗa da jika da tattaɓa kunne. In maigida ya kafa gunki a tsakar gida, duk wanda ke gidan zai sha hayaƙinsa. Wannan gaskiya ce, ba na musunta. Uban da ya cinye dukiya yakan bar wa 'ya'ya bashi, mai duka yakan bar musu tsoro da zafin zuciya. Ƙila kai ma kana ɗauke da irin wannan tabo. Amma tabo daban, hukunci daban.

Mutanen da aka kai Babila sun yi irin tunaninka. Har karin magana suka yi: iyaye sun ci 'ya'yan inabi masu tsami, haƙoran 'ya'ya suka mutu. Allah ya aiko Ezekiyel, a sura 18, ya ce kada a ƙara yin wannan karin magana a Isra'ila. Ya kawo misalin mutum adali, da ɗansa mugu, da jikan da ya ga dukan abin da mahaifinsa ya yi ya ƙi bin sawunsa. Ya ce jikan nan zai rayu, ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba. Irmiya 31 ya kawo wannan karin magana shi ma, nan take kuma ya shiga maganar sabon alkawari, wanda za a rubuta a zuciya, kowa ya san Ubangiji da kansa daga ƙarami har babba.

Dubi jerin da na yi wa 'yar'uwarka bayani a sama. Ahaz ya ƙone ɗansa hadaya ga gumaka, shi ne kuma ya haifi Hezekiya mai tsoron Allah. Hezekiya ya haifi Manassa, wanda ya yi shekara 55 yana mulki ya cika Urushalima da jinin marasa laifi. Jikan Manassa shi ne Yosiya, wanda ya hau gado yana ɗan shekara 8 ya kuma komar da jama'a ga Shari'a. Kirkin uba bai zama tabbaci ga ɗa ba, muguntarsa ma ba ta ɗaure shi ba. Shi ya sa Yahaya Maibaftisma ya gaya wa masu tinƙaho da Ibrahim cewa Allah yana iya tayar masa da 'ya'ya daga duwatsu, Bulus kuma ya rubuta wa Galatiyawa cewa duk wanda yake na Almasihu zuriyar Ibrahim ne, magaji bisa ga alkawarin. In ka ba da gaskiya, wannan ne asalinka a gaban Allah, ba wanda kuma zai karɓi kuɗinka don ya karya maka abin da Almasihu ya riga ya ɗauka a kan gicciye.

Game da yaron, almajirai sun taɓa yi wa Yesu irin tambayarka a kan wanda aka haifa makaho: shi ya yi zunubi ko iyayensa? Ya ce ba shi ba, ba iyayensa ba. Ka kai ɗanka wurin likita, ka bi abin da aka ce maka, mu kuma muna yi masa addu'a. Sana'ar ma ka zauna da wanda ya san ta ku duba lissafinta tare.

Akwai gida ɗaya da nake so ka sani. A Littafin Ƙidaya 16 Kora ya tayar wa Musa da Haruna, tare da Datan da Abiram da manyan mutane 250. Ƙasa ta buɗe baki, wuta ta fito, aka hallaka. Sunansa ya zama abin gargaɗi a Isra'ila. Amma sura 26 aya 11 ta ce 'ya'yan Kora ba su mutu ba. Bi sawunsu a 1 Tarihi za ka same su masu tsaron ƙofofin wurin sujada, za ka ga annabi Sama'ila daga cikinsu ya fito, da jikansa Heman, shugaban mawaƙa a zamanin Dawuda. Zabura guda 11 ne suke ɗauke da sunan gidansu. Ɗaya daga ciki ita ce ta 84, inda mai waƙar ya ce ya gwammace ya tsaya a bakin ƙofar gidan Allahnsa da ya zauna a alfarwar mugaye. Jikan mutumin da ya yi tawaye a bakin alfarwa ne yake wannan magana.

Daren nan, in barcin ya ƙi zuwa, ka buɗe Zabura 84, ka fara karanta sunan da ke samanta kafin ka shiga aya ta farko. Ka sake rubuto mini in ji yadda jikin yaron yake.